Shin mai shayarwa tana ɗaukar ciki kafin ta ga al'ada?

Maman Ilham: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a raba mini gardama. A gidan suna wata ta ce muddin mace tana ba da nono kuma al'ada ba ta dawo mata ba, to ba za ta ɗauki ciki ba ko da yaron ya shekara. Wasu suka gaskata ta, wasu suka ce ba haka ba ne. Ni 'yata Ilham watanta huɗu, kuma tun da jinin biƙi ya ɗauke ban ƙara ganin komai ba. In saki jiki ko in nemi wata dabara?

Goggo Asabe: Wa alaikumus salam. Gaskiya ta faɗa miki, 'yata. Mu da muka haifi takwas da tara, wa ya san ƙwaya, wa ya san allura? Nono ne kawai. Sai yaro ya yi ƙafa, ya yi baki, an yaye shi, sannan ki ji an ce wance ta samu ƙaruwa. Allah da ya ce a shayar da yaro shekara biyu cikakku ai bai bar uwa haka nan ba. Ki shayar da 'yarki ki kwantar da hankalinki.

Maman Sadiq: Goggo a gafarce ni, amma ni wannan maganar ce ta kai ni ga kwanika. Sadiq yana rarrafe, yana shan nono dare da rana, ban ga ko ɗigon jini ba, sai kasala da tashin zuciya. Na je asibiti da niyyar karɓar maganin zazzaɓi, aka ce ciki ne. Na haihu lafiya, alhamdulillahi, amma na san wahalar goyo biyu. Maman Ilham, kada ki dogara da shi ko kaɗan. Ni a wurina wannan zance camfi ne.

Anti Balki (ungozoma): Ba camfi ba ne, Maman Sadiq, kuma ba yadda matar gidan suna ta faɗa ba ne. Ku ba ni dama in yi bayani, don wannan tambaya kusan kullum sai na amsa ta a wurin awo.

Duk lokacin da jariri ya kama nono ya tsotsa, saƙo yana tafiya ƙwaƙwalwar uwa, jiki ya ƙara fitar da sinadarin furolaktin mai sa ruwan nono, kuma saƙon da yake sa ƙwai ya nuna ya fita yana danƙwafewa. In ba ƙwai, ba ciki. Wannan likitoci sun tabbatar da shi. A 1988 masana suka taru a garin Bellagio na ƙasar Italiya suka duba binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka amince cewa shayarwa tana kare mace daga ɗaukar ciki da fiye da kashi 98 cikin 100. Amma sun gindaya sharuɗɗa uku, kuma sai sun haɗu gaba ɗaya: jaririn bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, sannan al'ada ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta yi rauni.

Maman Sadiq, kin ce yana rarrafe. Ke nan ya wuce wata shida, kuma na tabbata ya fara shan kunu. Sharuɗɗa biyu sun riga sun faɗi, saura ɗaya kike riƙe da shi.

Maman Sadiq: Haka ne Anti, ya fara shan koko har da ɗan faten dankali. Amma abin da ya ɗaure mini kai, ai ban ga jini ba. Ta ina cikin ya shiga?

Anti Balki (ungozoma): Nan ne mata da yawa suke faɗawa. Ƙwai ne yake riga jini zuwa. Ƙwai yana fita, in bai haɗu da maniyyi ba, bayan kamar sati biyu sai al'ada ta biyo baya. To in ƙwan farko bayan haihuwa ya fita ya tarar da maniyyi, ciki ya shiga ke nan, jinin da kike jira kuma ba zai zo ba. A watannin farko, ga mai ba da nono zalla, jinin farko sau da yawa yakan zo ba tare da ƙwai mai ƙarfi ya gabace shi ba, shi ya sa ake iya ɗaukarsa a matsayin gargaɗi. Bayan wata shida lamarin yana juyawa, ƙwai yakan riga jini. Don haka wadda ɗanta ya yi wata takwas ko tara tana cewa "sai na ga al'ada zan je asibiti", wallahi tana iya makara.

Goggo Asabe: To Balki, in haka ne, mu ya aka yi muke kai shekara biyu har da rabi tsakanin ɗa da ɗa?

Hajiya Yaya: Asabe, tsakaninmu da Allah, mu faɗa wa yaran nan duk gaskiyar. Ba nono kaɗai ba ne. A zamaninmu mace tana haihuwar fari gida ake kai ta wankan jego, ta yi arba'in, wata ma ta yi watanni ba ta koma ɗakinta ba. In ta koma, ita da maigida ba sa haɗa shimfiɗa sai yaro ya yi ƙwari, wasu sai an yaye. Wadda ta yi rurrutsa kuwa har waƙa ake yi mata a dandali, kunya ta hana ta fita. Yanzu fa? Ana gama arba'in an koma, wata ma a ɗakinta take yin jegon, kuma mijin ba shi da wata matar. Ba daidai ba ne mu ce musu su yi yadda muka yi alhali rabin abin da muka yi mun ɓoye musu.

Goggo Asabe: Wannan kam ba zan musa ba, Yaya. An yi haka.

Maman Ilham: Anti Balki, to ni ina ganin na cika sharuɗɗan. Wata huɗu, ba al'ada, nono take sha. Ruwa kawai nake ɗan ba ta da rana saboda zafi, sai dauri da kakarta take ba ta wani lokaci.

Anti Balki (ungozoma): Ƙanwata, a nan ne nake jin tsoro. Ɗan kurɓi sau ɗaya ba shi ne zai rushe komai ba, amma ruwa kullum da dauri suna cika mata ciki, ta rage tsotso, kuma tsotson nan shi ne maganin. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce kada tazarar shan nono ta wuce awa huɗu da rana, kada ta wuce awa shida da dare. In yarinya ta fara kwana har asuba ba ta farka ta sha ba, uwa takan yi murna ta samu barci, amma kariyar ta fara raguwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ake ba su nono zalla. Ke nan mafi yawan masu cewa "ai ina shayarwa" ba sa cikin waɗanda wannan hanya take karewa sosai.

Goggo Asabe: A'a, nan fa ba zan bi ku ba. A zafin bazarar nan, babba ma yana neman randa, sai a ce jariri kada ya sha ruwa? Wannan rashin tausayi ne. Rai ne fa da shi.

Ummu Abdallah: Goggo, ni ma da haka nake gani, har na gwada a kan Abdallah a tsakiyar bazara. Abin da aka ce mini, ni in sha ruwa sosai, shi kuma in ƙara masa yawan ba da nono, in riƙa duba fitsarinsa. Yana jiƙa ƙyallensa yadda ya kamata, bai taɓa bushewa ba, kuma bai yi gudawar da yayarsa ta yi ta fama da ita ba.

Anti Balki (ungozoma): Ruwan nono kansa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, Goggo, kuma ruwa ne mai tsabta da ba ya ɗauke da ƙwayar cutar da ke cikin na rijiya ko na 'yan garuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko a ƙasashe masu zafi ya wadatar har wata shida.

Goggo Asabe: Na ji, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Jikana dai in ya zo hannuna yana kuka da rana tsaka, ban yi alkawari ba.

Malama Hassana: Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani. Ayar da Goggo ta ambata tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, kuma magana take a kan tsawon shayarwa, ba ta ce mai shayarwa ba za ta yi ciki ba. Hasali ma a Sahihu Muslim akwai hadisin Judamatu 'yar Wahbi, inda Manzon Allah (SAW) ya ce ya yi niyyar hana gila, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu. Malamai sun fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, wasu suka ce shayarwa da ciki. Ko wanne aka ɗauka, an san abin yana faruwa tun wancan zamani. Kuma Jabir ya ruwaito cewa sun kasance suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Don haka ba da tazara da yardar miji da mata, saboda lafiyar uwa da ɗa, malamai da yawa sun halatta shi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake fizge yaro daga nono rana ɗaya da an gano ciki, a kai shi gidan kaka, wai zai sha ciki ya lalace.

Anti Balki (ungozoma): Allah ya saka da alheri, Malama. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yakan ragu, ɗanɗanonsa yakan canza, amma yayen gaggawa shi ne yake kwantar da yaro, ga kewa ga ƙarancin abinci, sai a ɗora wa nonon laifi. Mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa in tana cin abinci sosai. Wadda take zubar jini, ko ta taɓa haihuwar bakwaini, ita ce za ta fara ganin likita.

Maman Sadiq: To ni duk da haka ina nan a kan bakata. Hanyar da sai an yi ta lissafin awa, ga aikin gida ga gajiya, wa zai iya? Gara tun daga arba'in a je a karɓi wani abu. Sai dai kuma ance ƙwaya tana busar da nono.

Anti Balki (ungozoma): Wadda ba ta natsu ba, ba laifi ta haɗa biyu, ni ma hakan nake ba masu komawa aiki ko makaranta shawara, domin tatsar nono a kwalba ba ta kai tsotson yaro ƙarfi a wannan fanni ba. Maganar busar da nono kuwa, ƙwayar iri biyu ce. Mai haɗin sinadari biyu, wadda take da istirojin, ita ce ake gudun ta rage nono, shi ya sa ba ma ba mai shayarwa ita kafin wata shida. Akwai mai sinadari ɗaya da aka yi don masu shayarwa, sai dai tana son a sha ta a lokaci ɗaya kowace rana. Ashanar hannu, wato ɗan tsinken maganin da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse, ana iya sawa tun kafin a bar asibiti. Robar mahaifa ko dai cikin awa 48 da haihuwa, ko a jira sati huɗu. Allurar wata uku daga sati shida. Ga kwaroron roba in maigida ya yarda. Kada dai a aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya ba a san wace iri ba ce.

Ummu Abdallah: A faɗa musu kuma allura da ashana suna iya rikita jini. Ni ɗige-ɗigen da na yi ta gani ya sa ni cikin ruɗani a kan salla, sai da na je wurin Malama ta yi mini bayanin istihala, wato jinin da ba na haila ba.

Anti Balki (ungozoma): Gaskiya ne, kuma haƙƙin mace ne a gaya mata kafin a yi mata. Allurar ma bayan an daina takan ɗauki watanni kafin ciki ya samu, don haka mai son ƙaramar tazara ta sani. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya dai ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin.

Maman Ilham: Na gode iyayena. Zan daina ba ta ruwan, zan kuma lallaɓa kakarta a kan daurin. Amma Anti, tun da na riga na saba ba ta, in na daina yau, na koma cikin kariyar ke nan?

Anti Balki (ungozoma): Ba zan ɗaure miki gindi a kan haka ba, don ba mu san ko jikinki ya riga ya fara shiri ba. Ki daina ruwan saboda lafiyar Ilham, amma ki yi magana da babanta yau, ranar rigakafinta ta gaba ki biya ɗakin tazarar haihuwa. Za a fara yi miki gwajin fitsari, sannan ku zaɓi wadda ta dace da ke. Kafin ranar ku yi amfani da kwaroron roba.