Wa ya san inda ake saida ruwan inabi a Ɗa'ifa?

Maman Ilham: Slm jama'ar zaure barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema. In Allah ya yarda ƙarshen Agusta zamu Umra ni da Abban Ilham, kuma ejan ɗinmu yace akwai ziyarar Ɗa'ifa ta wuni ɗaya a cikin tsarin. To kun san bikin Ilham farkon Janairu ne, shine nace ko zan samo wain ɗin nan marar giya a can tunda ance garin inabi ne, ko katan biyu ne in taho dashi saboda teburin amarya ranar dina. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min da inda ake saidawa

Hajiyan Tudun Wada: Wslm Maman Ilham, Allah ya kaimu ya sa ayi a sa'a. Katan biyu fa kika ce? hhhh ke dai baki taɓa tsayawa gaban sikelin filin jirgin Jidda kina cire kaya ɗaya bayan ɗaya mutane na kallonki ba

Baban Sadiq: Anti bari in miki lissafi. Kwalban nan cl 75 ne, in kin haɗa da nauyin gilashi ɗaya ya haura kilo ɗaya, masu gas ɗin ma sun fi nauyi don gilashinsu ya fi kauri. Katan mai 12 kenan zai kai kilo 15 ko fiye. Yawancin jirage kilo 23 suke bada wa a jaka ɗaya. Katan biyu ya cinye miki jaka ɗaya da wani ɓangare na ta biyu, ina zaki sa abayoyi da dabino da turarukan amarya? A jakan hannu kuma ba'a barin ruwan da ya wuce ml 100

Malam na Ƙofar Doka: Assalamu alaikum. Hajiya kafin a je ga nauyi, sunan ma ni bai kwanta min ba. Ki ce ruwan inabi kawai, kar yara su tashi da jin wain wain a bakin iyayensu

Maman Ilham: Afuwan Malam, bakin ne ya saba, haka masu dikoreshon suke kiransa. Ruwan inabi nake nufi

Hajiyan Tudun Wada: To bari in baki labari na tunda nice na fara dariya. Zuwa na na biyu muka hau Ɗa'ifa ta hanyar Hada, hanyar nan mai lanƙwasa kamar maciji da kunnenka ke toshewa kana hawa. A bakin titi akwai rumfunan masu kayan marmari a jere, inabi fari da baƙi, rumman, ɓaure, da wani abu mai ƙaya suna ce masa barshumi sai mai saidawa ya feraye maka da safar hannu. Na ɗanɗana inabin wlh kamar an zuba masa zuma, sai kwaɗayi ya kamani nasa wani mai shagon jus ya matse min cikin gora babba guda biyu nace zan kawo wa yara. Kwana huɗu ya rage mana a Makka, firij ɗin ɗakin otal ɗan ƙarami gorar bata shiga, sai na naɗe su a leda na tura ƙasan akwati. Ranar da zamu tafi Jidda na buɗe akwatin sai wani tsami ya bugi hancina, gora ɗaya ta kumbura tayi tumbi kamar zata haihu, ɗayar kuma marfin ya riga ya fice. Farar jallabiyar da na siyo wa Alhaji tsaraba ta koma kalar zoɓo, har yau da ita ake goge mota

Yaya Asabe: Innalillahi hhhhh Hajiya kin kusa shigo da giya Najeriya daga ƙasa mai tsarki

Hajiyan Tudun Wada: Ke dai bari Asabe, a banɗaki na tuttular ina istigfari

Malamin Kimiyya Samaru: Hajiya abinda ya faru dake ba wani abin mamaki bane. A jikin fatar inabi akwai yis na halitta, shine irin wanda ke kumbura fanke. Da an matse ya haɗu da sukarin ciki, in ya samu ɗumi sai ya fara cin sukarin yana fitar da iska da alkohol. Iskar ce ta kumbura gorar. Haka zoɓo da kunun zaki ke yi in sun kwana biyu a waje, shi dai inabi sukarinsa ya fi yawa shi yasa ya fi sauri. Na kwalba da ake saidawa an dafa shi ne aka kashe yis ɗin kafin a rufe, shi yasa yake daɗewa

Malam na Ƙofar Doka: Madalla da wannan bayani. Dama a Sahihu Muslim ya zo daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah SAW zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abinda ya rage sai a bayar ko a zubar. Kun ga na Hajiya ya kwana huɗu a zafin Makka

Maman Ilham: To ni na kwalba nake nufi ba matsattse ba. Ba'a yinsa a can ne?

Alhajin Kwangila: Ƙanwata ni sau uku ina zuwa garin nan, ɗaya ma kwana biyu nayi. Gaskiyar magana ɗanyen inabi shine abin Ɗa'ifa, na kwalba kuwa wanda zaki gani a manyan kantuna irin Panda da Danube shi ɗin dai ne a Makka da Jidda, kuma da yawa in kin juya bayan kwalbar daga wata ƙasa aka kawo. Abu ɗaya dai da zan ce, a can hankalinki kwance zaki ɗauki duk kwalbar da ta miki, tun 1952 aka haramta giya a Saudiyya, ba zaki same ta a kanti ba. Akwai wani da suke kawowa a gidajen abinci cikin jug suna kiransa shamfen ɗin Saudiyya, na farko da naji sunan na ture kofin, ashe ruwan tuffa ne da ruwa mai gas da yankakken lemu da na'a-na'a. Wannan ko a kicin ɗinki na Gyallesu zaki haɗa shi

Baban Sadiq: Alhaji ai a 2024 sun buɗe shago ɗaya a Riyadh

Alhajin Kwangila: Wannan a unguwar jakadu yake, don jakadun da ba musulmi ba aka buɗe. Maman Ilham me zai kaita can

Yaya Asabe: Ni shawarata ki bar zancen kwalba ki siyo abinda babu shi a nan. Ruwan wardi. Ɗa'ifa garin fure ne kafin komai, akwai masana'antun da ake dafa furen a manyan tukwanen tagulla tururin ya bi bututu ya diga, mai ya taso sama ruwan ya zauna ƙasa. Furen wajen Maris zuwa Afrilu yake fitowa don haka ku ba zaku tarar da gonakin da fure ba amma shagunan masana'antun a buɗe suke. Man wardin da tola ake aunawa, tola ɗaya bai kai giram 12 ba kuma fure dubbai ake dafawa kafin a samu, don haka duk wanda ya miƙo miki ƙatuwar kwalba a bakin titi yace asli ne riyal kaɗan ki masa murmushi ki wuce. Ruwan kuwa da sauƙi, ki tambaya na sha ne ko na shafawa don kala biyu ne. Ɗigo kaɗan a humrar amarya ko a lemon biki, kowa sai ya tambaya

Maman Joy Wusasa: Sannunku da hira. Maman Ilham in na kwalba ne ai ga shi nan birjik a nan Zariya, Sabon Gari da PZ, su Eva da Chamdor da Pure Heaven, mu da su muke biki. Abinda zan ja miki kunne kawai kar ki aiki yaro, kije da kanki. Wasu shagunan a kanta ɗaya suke jera mai giya da marar giya kuma kwalaben sun yi kama sosai, har takardar zinarin wuyan iri ɗaya. Bikin ƙanwar maigidana aka aiki wani yaro ya kwaso katan, Allah ya taimaka kafin a kai tebur na ɗaga ɗaya naga 12% a ƙasan takardar. Da iyayen ango ƴan cikin birni ne zasu fara kurɓa, kiyi tunanin abinda zai biyo baya

Maman Ilham: Subhanallah. Anti to ya zanyi in gane?

Maman Joy Wusasa: Ki juya kwalbar ki nemi lamba mai alamar kaso. Wain na gaske zaki ga 11 ko 12 har 14. In kinga 0.0 shine babu. Akwai na tsakiya da ake rubuta ƙasa da 0.5, shi wannan giyar aka fara yi sannan aka cire alkohol ɗin da inji, ba ɗaya yake da ruwan inabin da aka sa wa gas kawai ba. Sai ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma taɓa takardar ki ji ko an manna wata akan wata

Malam na Ƙofar Doka: Allah ya saka da alheri Maman Joy. Na tsakiyan nan malamai sun yi saɓani a kansa, ni dai ina ganin a bar shi tunda ga wanda babu kokwanto. Sannan Hajiya in kin je kar cefane ya cinye miki ziyarar. Ki ce direba ya kaiku Masna inda masallacin Addas yake. A nan wajen ne lambun Utba da Shaiba ƴaƴan Rabi'a, inda Annabi SAW ya fake bayan mutanen Saƙifa, ƙabilar garin, sun sa yara da wawaye sun jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini, shi da Zaidu ɗan Harisa, shekara ta 10 da aiko shi. Suka aiko bawansu Addas da nonon inabi a faranti, shi kirista ne mutumin Ninawa, da yaji an yi bismillah ya tsaya yana mamaki, daga nan zance ya kai ga Annabi Yunusa. Duk sanda na ci inabin garin nan sai na tuna. Ku kuma yi sallah a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, a garin ya rasu

Alhajin Kwangila: Daga masallacin Ibn Abbas ɗin ma da ƙafa zaki shiga tsohuwar kasuwa, nan ake saida zuma da man shanu da zabibi. Ga zabibi nan ki siya kilo biyu ko uku, baya fashewa baya tsami. Zumar magarya suna ce mata sidir, ki ɗanɗana kafin ki biya kuma ki taya, kar kunya ta hanaki. Inabin bakin titi kuma ki tambaya baladi ne? wato na gida, don har a can ana haɗawa da na Masar a saida wa baƙi. Ƙarshen Agusta kin dace, lokacinsa ne, rumman ma ya fara

Baban Sadiq: Ki tafi da rigan sanyi mara nauyi Anti. Garin ya kai kusan mita 1,900 a sama, ya fi Jos nesa ba kusa ba, ƙauyen Shafa da ke kusa da shi ma ya fi haka. Mu da Kufena ne dutsenmu sai a hankali

Hajiyan Tudun Wada: Kuma birai!! Na manta ban faɗa ba. A hanyar Hada suna nan zaune kan katangar titi garke guda, kar ki sauke gilashi da leda a hannu. Wata da muke mota ɗaya ta fito ɗaukar hoto da ledar inabinta, wani ƙato ya diro ya fizge ya koma kan dutse ya zauna yana ci yana tofar da ƙwallon yana kallonta ido cikin ido

Yaya Asabe: Malam in zasu dawo Makka ai sai sun ɗau harami ko?

Malam na Ƙofar Doka: In suna da niyyar wata Umrar ne. Ta hanyar Hada miƙatin yana Wadi Muharram, in ta ɗaya hanyar ce kuma Sailul Kabir, wato Ƙarnul Manazil. Su tafi da kayan haraminsu a mota

Malamin Kimiyya Samaru: Ni abinda ke bani mamaki tun ɗazu ana ta Ɗa'ifa ba wanda ya ambaci Hunƙuyi. Ga inabi nan a ƙofar gidanmu ana nomawa a ƙaramar hukumar Kudan, kuma lokacin sanyi yake nuna, daidai bikin naki. Bara na je da ɗalibai muka shiga gona, an ɗora shi kan rumfar waya kana tafiya a ƙasa nonnan na taɓa maka hula. Ki sa a kawo miki kwando da safe, a markaɗa a tace a sa ƙanƙara a sha da yamma, ranar kawai, kar ya kwana

Maman Ilham: Kai Malam wlh ban taɓa kawo Hunƙuyi a raina ba, kuma kullum ta nan muke wucewa zuwa gidan su Abban Ilham. To na fasa katan. Zabibi da ruwan wardi da zuma daga can, kwalba shida na 0.0 daga PZ saboda hoto, sauran na Hunƙuyi. Anti Maman Joy dake zamu je kasuwar

Maman Joy Wusasa: Ba damuwa ki kirani ana saura sati biyu, kafin Kirsimeti dai don daga nan kuɗinsa ke tashi

Yaya Asabe: Ruwan wardi biyu nawa ne a ciki, na sha ba na shafawa ba, zan turo kuɗin

Hajiyan Tudun Wada: Ni kuma farar jallabiya lamba 58 in Allah ya hore, Alhaji har yau bai daina min gori ba