Home Assistant ya tashi a VirtualBox, amma wayata ta ƙi ganinsa

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Ina son haɗa fitilu da makunnan gidana wuri guda, sai na ɗauko Home Assistant OS (manhajar sarrafa na'urorin gida), fayil ɗin .vdi, na ɗora shi a VirtualBox (manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, wato VM) cikin tsohuwar laftof mai Windows. Na ba shi RAM 2GB da ƙwaƙwalwar CPU biyu. Da farko baƙin allo kawai nake gani, sai da na kunna EFI (tsarin tayar da kwamfuta) a VirtualBox sannan ya tashi. Yanzu yana nuna adireshi 10.0.2.15, amma in na rubuta homeassistant.local:8123 a waya, shiru kake ji. Na goge na sake ɗorawa har sau uku. A ina na kuskure?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Daina gogewa, ɗorin naka lafiya lau yake. Wannan 10.0.2.15 ɗin shi ya tona asirin: katin sadarwar VM ɗin yana kan NAT. Ma'ana VirtualBox ya rufe shi a wani ɗaki cikin laftof ɗin; shi yana iya leƙa intanet, amma na waje ba ya iya shiga wurinsa. Kashe shi, shiga Settings, sashen Network, ka mayar da shi "Bridged Adapter", ka zaɓi katin da laftof ɗin ke amfani da shi a zahiri. Da ya sake tashi, rauta ce za ta ba shi adireshi, galibi mai farawa da 192.168, kamar kowace na'ura a gidan. Wannan ne ma zai sa ya riƙa gano na'urorinka da kansa. In sunan .local ya ƙi buɗewa, rubuta lambobin kai tsaye, ka ƙara :8123 a ƙarshe.

Maman Sadik: Abin da Injiniya ya faɗa ne. Ƙarin nawa, in da hali ka sa wa laftof ɗin kebul daga rauta. Ni a kan wayfay na fara, yau ya yi gobe ya ƙi. Kuma shafin farko yakan ɗau lokaci yana shiri, har minti 20 ma, kada ka zata ya maƙale.

Ɗan Auta: Yaya, ni a ganina wahalar banza ce. Share Windows ɗin ka sa Proxmox kawai, tsarin da aka yi musamman don gudanar da VM.

Injiniya: Ƙanena, mutum bai iya tafiya ba ka ce ya yi gudu? Proxmox ya fi dacewa da na'urar da za ta kwana a kunne, ban musa ba, don can ba Windows ɗin da zai sabunta kansa tsakar dare ya bar ka da fitilu marasa jin magana. Amma can ma sai ya ɗauko fayil ɗin .qcow2 maimakon .vdi, ya zaɓi OVMF (EFI ɗin can ke nan), ya kashe Secure Boot (kariyar da ke tantance abin da zai tashi). Bari ya saba tukuna. Ranar da ya shirya, ya yi ajiyar bayanansa daga cikin Home Assistant, ya mayar da su a sabon wurin.

Baban Ummi: Alhamdulillah, ya buɗe! Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: ina da sandar Zigbee ta USB, wadda ke magana da fitilu da makunnai ba waya, Windows na ganinta, Home Assistant kuwa bai san da ita ba.

Maman Sadik: Sai ka miƙa masa ita da hannunka. A Settings, sashen USB, ka ƙara ta cikin jerin, ka zare ka sake sokawa bayan VM ɗin ya tashi. Ka kuma sa mata 'yar doguwar waya ta yi nesa da ramin USB 3.0, don yana dama mata sigina. Sannan ka hana laftof ɗin barci in an rufe murfinta. Ni sai da na kwana biyu ina zargin ƙwan fitila kafin na gane murfin ne.