Muhawara: alƙali ne ya cuci Atlanta a 2012, ko doka ya bi?

Ɗan'auta: Jama'a, har gobe ina kan bakana, alƙalin wasa Sam Holbrook ne ya ƙwace wa Atlanta Braves wasansu na ƙwallon baseball da St. Louis Cardinals ranar 5 ga Oktoba 2012. Simmons, mai bugu na Atlanta, ya ɗaga ƙwallo, ta faɗi ƙasa can tsakanin Kozma da Holliday, masu tsaron St. Louis, wajen ƙafa 225 daga inda ya buga, wai kuma shi aka fitar!

Malam: Sannu ƙanena, dokar infil fulai da alƙalin ya yi aiki da ita ba awon nisa take yi ba. Idan waɗanda aka fitar ba su kai biyu ba, ga masu gudu a tasha ta ɗaya da ta biyu, ƙwallo ta tashi sama yadda mai tsaron ciki zai iya cafewa ba da wata wahala ba, to mai bugu ya fita, a cafe ko kar a cafe. Kozma ya ja baya ya tsaya ƙarƙashinta har yana ɗaga hannu.

Hajiya: Malam, tambaya ɗaya. Don wa aka yi dokar tun 1895?

Malam: Don masu gudu, Hajiya. Kada a saki ƙwallo da gangan a fitar da mutum biyu lokaci guda.

Hajiya: To daga can nesa wa zai fitar da biyu? Ai ga shi ta faɗi, kowa ya kai tasharsa lafiya. An zo gyaran gira an rasa ido. Da ba a fitar da Simmons ba, da tashoshi uku sun cika a zagaye na takwas, St. Louis na da 6, Atlanta na da 3.

Malam: Nan na yarda da ke rabi. Amma abin da ke rubuce alƙali yake bi, shi ya sa Joe Torre, babban jami'in hukumar gasar a lokacin, ya yi watsi da ƙorafin Atlanta.

Ɗan'auta: Kuma sai da ƙwallon ta kusa ƙasa alƙalin ya nuna sama, alamar Simmons ya fita. Kozma ma kaucewa ya yi.

Malam: Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ga mai tsaro ya daidaita. Amma dai ya makara, wannan ba musu.

Baffa: Ku bar alƙali ya sarara. Bayan an sha minti 19 ana kwashe kwalaben da 'yan kallo suka jefa, ai tashoshin sun sake cika, Bourn na Atlanta ya zo bugu aka fitar da shi, zagayen ya ƙare.

Ɗan'auta: Baffa, amma da ba a fitar da Simmons ba, ai da akwai sauran mutum ɗaya a bayan Bourn.