Neman shawara: An wajabta mana aikin sa-kai a jami'a, kuma ina tsoron ya fi ƙarfina

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a sashen ilimin halayyar ɗan Adam, kuma a wannan zangon an sa mana wani darasi wanda ba a cin sa sai ɗalibi ya yi aikin sa-kai a cikin al'umma, ya kuma rubuta rahoto a kan abin da ya gani. An ba mu zaɓi uku: zama da yaran gidan marayu, ziyartar tsofaffi a gidan da ake kula da su, ko amsa waya a layin da masu damuwa ke kira. Zuciyata ta karkata ga layin waya, domin shi ya fi kama da aikin da nake burin yi, amma ban taɓa zama da mai matsananciyar damuwa ba, kuma duk abin da na sani daga littafi na san shi. Idan wani ya faɗa mini abin da ya fi ƙarfina, me zan yi? Ta yaya kuma zan rubuta rahoto ba tare da na tona asirin kowa ba? Ba zan ɓoye muku ba, niyyata ita ce in daina da zarar zangon ya ƙare, saboda karatu ya yi mini yawa.

Amsar wani malamin jami'a mai ritaya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tsoron da kike ji bai dame ni ba. Ɗalibin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya karanta babi biyu a kan ciwon damuwa, sannan ya fara raɗa wa kowa sunan cuta. Ki sani ba magani aka aike ki yi ba, kuma dokokin wannan sana'a sun hana mutum taɓa abin da bai sami horo a kansa ba.

Abin da aka aike ki koya shi ne sauraro, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 1953 wani limamin coci mai suna Chad Varah ya buɗe Samaritans, layin wayar da masu damuwa ke kira, a Landan, sai ya lura cewa mutanen da ke jiran ganinsa sukan sami sauƙi tun a hannun 'yan sa-kan da suka zauna da su suna jin ta bakinsu, har wasu su tafi ba su gan shi ba. Masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers kuma, a 1957, ya sa fahimtar halin da mutum yake ciki, karɓarsa ba tare da yanke masa hukunci ba, da gaskiyar mai sauraron kansa, a cikin sharuɗɗan da taimako ke tsayuwa a kansu. Kin haddace waɗannan don jarrabawa, na sani, amma gani ya kori ji: ranar da mutum ya yi shiru a gabanki na tsawon minti ɗaya, bakinki na ƙaiƙayin ba shi shawara, ranar za ki san ko kin iya.

Kafin ki sa hannu a ko'ina, ki tambaye su wane horo suke bayarwa, wa zai riƙa duba aikinki, kuma wa za ki kira nan take idan abu ya ɓaci. Wurin da ya kasa amsa tambayar ƙarshe, kada ki je.

Amsar wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a:

Ƙanwata, ni jimlarki ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai. Idan har za ki daina a ƙarshen zango, ina roƙonki ki cire gidan marayu daga lissafi. Mutane suna ɗauka cewa yara ne zaɓi mafi sauƙi, alhali su ne suka fi cutuwa da mai zuwa ya tafi. Na sha ganin yaro ya wanke fuska, ya ɗauko littafinsa, ya tsaya a bakin ƙofa a ranar da ya saba ganin ɗalibar da ke koya masa karatu, ba wanda ya gaya masa cewa ta gama cike takardarta. Yaron da aka riga aka bari sau ɗaya ba ya cewa karatu ne ya yi mata yawa; cewa yake laifinsa ne.

Bincike ma ya nuna haka. A 2002 Jean Grossman da Jean Rhodes sun duba matasa fiye da 1,000 a shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, inda ake haɗa yaro da babban da zai riƙa ja masa gora. Waɗanda alaƙarsu ta kai shekara ɗaya ko fiye su ne suka fi amfana, waɗanda kuwa tasu ta yanke kafin wata uku sun nuna raguwar ganin ƙimar kansu. Kyakkyawar niyya ba ta hana cutarwa. Ko dai ki ɗauki awa kaɗan a mako ki daɗe, ko ki zaɓi aikin da tafiyarki ba za ta bar rami a zuciyar kowa ba.

Amsar wani ɗalibin shekarar ƙarshe:

'Yar'uwa, ni gidan tsofaffi na zaɓa, kuma a nan darasin tunani da mantuwa ya zauna mini. Akwai dattijon da ba ya tuna abin da ya faru da safe, amma yana ba ni labarin ƙuruciyarsa dalla-dalla, labari ɗaya kowane mako. Game da rahoto, ki tanadi littafi, ki rubuta abin da kika gani a shafi ɗaya, fassararki a wani shafin dabam, a ranar da abin ya faru. Kada suna ya shiga, ko hoto, ko wata alamar da za a gane mutum da ita.

Amsar wata ƙwararriya a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa:

Na yarda da Malam, sai dai ba na son ki fita da tunanin cewa layin waya ya fi ƙarfinki. A Harare ta Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata, waɗanda ba su da digiri a wannan fanni, suna zama a kan benci da masu damuwa har zama shida, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Abin da ya riƙe aikin shi ne horo, tsari bayyananne, da masu sa ido. Idan layin yana da waɗannan, ki je. Ki kuma nemi jagorar taimakon farko ga masu firgici da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, wadda ta taƙaita aikin a abu uku: ki duba, ki saurara, ki sada mutum da inda zai sami taimako.

A kan sirri, kada ki taɓa yi wa kowa alkawarin cewa ba wanda zai ji. Idan mutum yana shirin hallaka kansa ko wani, ko ana cutar da yaro, maganar ta bar hannunki, kuma tsarin wurin ne zai nuna miki wanda za ki sanar. Idan kuma kika ji alamar mutum yana tunanin kashe kansa, ki tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa, domin bincike bai nuna cewa tambayar tana dasa tunanin ba, sannan ki jawo mai kula da ke tun wayar ba ta katse ba.

Ki kuma lura da kanki. Masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ya bayyana gajiyar da ke cinye masu taimakon jama'a a 1974, kuma a kan 'yan sa-kai ya gan ta, a wani asibitin kyauta a New York, musamman waɗanda suka fi kowa ƙwazo. Idan barci ya fara gagarar ki, ko kika fara jin haushin masu kira, ki faɗa wa mai kula da ke a makon, kada ki jira ƙarshen zango.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na cire gidan marayu. Na tambayi masu layin waya, sun ce akwai horo kafin a fara, kuma sabon shiga ba ya amsa kira shi kaɗai, amma suna buƙatar alkawarin shekara guda. Zan kai wa malamin darasin jadawalina gobe mu ga ko zan iya ɗauka. Idan ba zai yiwu ba, zan je gidan tsofaffi, in kuma gaya musu ranar da zan daina tun daga farko.