Injin haɗa abincin kajina baya gauraya daidai, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo, don Allah ina neman shawara. Na sa wani mai walda ya ƙera min injin haɗa abincin kaji irin mai kwance ɗin nan, farfela huɗu ya saka masa a miƙe kamar shebur. Ina zuba masara, waken suya, dusa, ƙashi, gishiri da firimis (garin haɗin bitamin da sinadaran gina jiki) in barshi yana juyawa har minti 20 amma in na buɗe ƙasa buhun farko gari ne zalla, na ƙarshe kuma tsakin masara. Jiya na zura hannu a lungun injin na ɗebo firimis a dunƙule ko taɓa shi ba'a yi ba. Kajin ƙwai ne, ɓawon ƙwan ma ya fara laushi wallahi abin ya dameni.

Mai walda daga Zariya:
Wa alaikumussalam Malam. Matsalar daga farfelar take, tunda a miƙe suke ɗaga kayan kawai suke suna sakewa a wuri ɗaya, basa tura shi gefe. Ka koma wajen wanda ya ƙera maka ya karkatar dasu, wasu su tura dama wasu hagu. In da hali ma a yi maka ƙarfe mai murɗe guda biyu, na waje ya kai kayan gefe ɗaya na ciki ya dawo dasu. Sannan ka duba tazarar dake tsakanin bakin farfela da jikin injin, in yatsanka na shiga to nan gishiri da firimis suke kwanciya.

Hajiya mai kaji:
Ɗan uwa ni kam bana zuba firimis kai tsaye. Abinda kilo 2.5 ne a tan guda ta ina zai zagaye? A roba nake fara cakuɗa shi da gishiri da ɗan garin masara da hannu, sai in rabin masarar ta shiga na zuba.

Wani ɗan gurup:
Ka duba niƙan ka ma, in masarar tayi tsaki sauran kuma gari dole su rabu ko da wane inji ne, mai laushi gangarawa ƙasa yake. Kuma kar ka cika shi taf, kamar kashi biyu cikin uku ya isa.

Mai tambaya:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri, lallai ni har baki nake cikawa. In an gyara ya zan gane ya gaurayu?

Mai walda daga Zariya:
Ka jefa gwangwani ɗaya na jar dawa a gefe guda kafin ka kunna, bayan minti 5 ka ɗebi tafi-tafi daga wuri goma ka ƙirga ƙwayoyin. In adadin ƙwayoyin na kowane tafi yana kusa da juna to aiki yayi.