Abin da muka tattauna a fada kan laifi da kaso

Jiya da dare a fadarmu, wato majalisar hirarmu, nan Damagaram hira ta kai mu ga yaran da ke faɗawa hannun komisariya (ofishin 'yan sanda), ga abin da na riƙe. Sata da rauni a faɗa da tramol su suka fi yawa, amma wanda ya fi tada min hankali sayen kayan sata ne, ka ga waya mai tsagaggen gilashi an ce kawo jika biyar ka saya, gobe kai ma kana gaban alƙali.

Wani babban yayanmu ya ce tsarewar farko awa 48 ce, ana iya ƙarawa. Kar ka sa hannu a takardar da ba a fassara maka ba, nemi lauya. Kuma ko an fito kaso, laifin na nan rubuce ranar neman aikin gwamnati.