Baƙo a Gidan Ƙuda: Musayar Baitoci

Mai Kiwon Ƙuda:

Salamu alaikum 'yan zaure. Yau da safe na buɗe cikin matan ƙuda ashirin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na tarar jakar ƙwansu ta motse kamar busasshiyar kuɓewa. Ƙudan 'ya'yan itace ne, ɗan mitsitsin nan mai jan ido da ke kewaya ayaba in ta nuna ta wuce. A zafin digiri 29 na rene su. Ga tambaya, mai baiti ya amsa:

Na ɗaura auren ƙuda da ƙuda,
Uwa 'yar kwalba, ba ta fitowa.

Uba ɗan daji, ɗan yawon kasuwa,
Mai bin ayabar da ke ruɓewa.

'Ya'ya suka zo, idanu jajur,
Fiffike lafiya, suna tasowa.

Na duba cikin matan da allura,
Jakar ƙwai fayau, ta gama shanyewa.

Sai na juya: uwa daga daji,
Uba na kwalba, na sake haɗawa.

Jikoki tuli, kwalba ta cika,
Tsutsa a bango sai hauhawa.

Dangi ɗaya ne, jini ɗaya ne,
To me ya raba su wajen haihuwa?

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam 'yata. Kin san amsar, so kike ki motsa tsoho. Wannan ciwo tun 1977 Margaret Kidwell da James Kidwell da John Sved suka bayyana shi, a 1982 kuma aka kama mai laifin.

'Yata, uban bai zo shi kaɗai ba,
Da ɗan rakiya ya shigo, ki lura.

Guntun gado ne, P sunansa,
Ba ya gini, kuma ba ya gyara.

Ɗan tsurut ne, amma a jakarsa
Akwai almakashi, zare da allura.

Ya yanke kansa a nan ya yi tsalle,
Ya sauka can, ba izini, ba shawara.

Gurbin da ya bar, garin a cike shi,
Sai a kwafo shi, adadi ya ƙara.

A tsoka da ido barci yake yi,
A rumbun iri yake zama gara.

Zaren gado ya tsinke ko'ina,
Ƙwai ya mutu tun bai ma fara.

Shi P guntun DNA ne, sinadarin da gado ke rubuce a cikinsa, tsawonsa haruffa 2,907 ne kacal. Barcin da na ce yana yi a sauran jiki, ga dalilinsa: saƙon da ke ƙera almakashin yana da wata gaɓa ta uku da sai an cire ta yake karantuwa daidai, kuma ƙwayoyin haihuwa ne kaɗai ke cire ta. A sauran jiki abin yakan fito guntu, bai iya yanka ba, sai ma ya riƙa danne mai yankan. Shi ya sa kika gan su garau a waje.

Sarkin Gardama:

Baba, da girmanka, ban ƙoshi ba,
Baƙon ga ba ka faɗi garinsu ba.
In duk na daji suna ɗauke da shi,
Don me na kwalba ba su gan shi ba?
Ko Bature ne ya wanke musu jini
Da sabulun da bai sayar mana ba?

Mai Kiwon Ƙuda:

Yaya Sarki, ba sabulu ba ne, kulle ne. Kakannin ƙudan kwalba an kamo su a Amurka tun baƙon bai iso ba: zuriyar Oregon-R a 1925, ta Canton-S a shekarun 1930. Shi kuwa P daga wajen 1950 ya fara bazuwa.

Ƙudan nan namu ɗan Afirka ne,
Gindin danya nan ya fara sauka.

Ya bi mutum, ya bi kayan marmari,
A jirgin ruwa har ƙasar Amurka.

Can ya tarar da ɗan'uwa na nesa,
Willistoni, mai P tun zamanin kaka.

Ba sa aure, ba sa haihuwa tare,
Amma P ya haura, ya keta iyaka.

Aka jera na wannan da na wancan,
Harafi ɗaya tak ya bambanta duka.

Na kwalba suna kulle, ba su ji ba,
Na waje ya bi su kamar ruwan marka.

Maganar danya ba don amsa-amo na sako ta ba. Binciken da aka yi a dajin Zimbabuwe, aka buga a 2018, ya nuna ƙudan daji na can nunu suka fi bi, 'ya'yan danyar nan da muke sha muna yara. Wanda ya tsallakar da P kuwa, tun 1991 ake zargin wata 'yar ƙaramar dangin kaska mai tsotsar ƙwan ƙuda, wai ta tsotsi na wancan ta zo ta soki na wannan da baki bai wanku ba. Har yau zargi ne, ba a kama ta da kaya a hannu ba.

Sarkin Gardama:

Ƙanwata, kin ƙara ɗaure ni. In ya game na waje kaf, ai da ƙuda ya ƙare a duniya, mai ayaba ya huta. Kuma me ya sa sai ta wajen uba yake cizo?

Uwar Tagwaye:

Ku gafara maza, fagen mata ne,
Sirrin duka a cikin ƙwai ne,
Mai yawan tsalle, ƙarshensa rami ne,
Wata rana ƙafa takan yaudare shi.

Akwai wani kango can a gefen zare,
Tsofaffin baƙi ne ciki a ɗaure,
In P ya yi tsalle ya faɗa zaure,
Shi ke nan, gida ya sami hotonshi.

A kwafo shi, a daddatsa guntaye,
A raba wa dogarai da ke tsaye,
Su bazu ciki da waje a ɓoye,
Duk mai kama da hoton, a kama shi.

Aubergine ta sara, ta miƙa saura,
Ago3 ta karɓa, ta sake sara,
Kowane sara sabon hoto ya ƙara,
Da jikin baƙon ake farautar shi.

Piwi kuwa ɗaka take shigewa,
Inda yake kwance nan take zuwa,
Ta sa a ɗaure tamau ba kwancewa,
Yana nan da rai, ba mai jin shi.

Uwar daji in za ta saka ƙwanta,
Dogaran take zubawa guzurin 'yarta,
Uba, gado kawai yake kawo mata,
Maganin, ba shi da buhun ɗaukar shi.

Uwar kwalba ba ta san P ba,
Ba ta da hoton, ba ta ba 'yarta ba,
Baƙo ya shigo, ba a tare ƙofa ba,
Ya ci rumbu kafin a gane shi.

Guntayen nan su ake kira piRNA, kowanne haruffa 23 zuwa 29, dogaran da ke riƙe su kuwa sinadarai ne: Aubergine da Ago3 da Piwi. Kangon ma ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ake kira 42AB, akwai flamenco a kuromosom X (ɗaya daga cikin zaruruwan gado) wanda ke riƙe wani baƙon daban mai suna gypsy. Shi P sau da yawa a can bakin X ake samun ya faɗa. Julius Brennecke da abokan aikinsa a ɗakin gwajin Greg Hannon ne suka zana yadda saran ke tafiya a 2007, a 2008 suka nuna guzurin uwa ne ke raba aure biyun nan. Abin da ya fi burge ni, a Cold Spring Harbor suka yi aikin, wurin da Barbara McClintock ta ga gado mai tsalle a ƙwayar masara tun shekarun 1940, aka yi ta yi mata kallon mai sambatu, sai a 1983 aka ba ta Nobel.

Sarkin Gardama:

Na je na yi tambaya na dawo, kada a ce gardamar tawa ta jahilci ce.

Hajiya, na sara miki, na kama baki,
Amma ɓarawon ai ya sami aiki.

Rubin da Spradling sun sauke kayansa,
Sun ɗora nasu, sun mai da shi jaki.

Ƙuda mai idon da launi ya dushe,
Jikansa ya zo da ja, abin mamaki.

'Yan sana'arsu uku na gadin bakin zare,
Ba don su ba, da ya warware kamar saƙi.

To wa ke gida, wa ke baƙunta,
In mai gadin ma tsalle ya yi ya shigo ɗaki?

Jakin a 1982 masu bincike Rubin da Spradling suka fara ɗora masa kaya, wato amfani da P wajen shigar da guntun gadon da suke so cikin ƙuda. Masu gadin kuwa HeT-A da TART da TAHRE. Mu mutane muna da sinadarin da ke ƙara wa bakin kuromosom tsawo, ƙudan nan ba shi da shi, su ukun nan ne ke liƙa kansu a bakin suna cike abin da ya zaizaye.

Tsohon Malami:

Sarki, kada uku su rufe maka ido. Mafi yawan saukar da suke yi ɓarna ce ko banza, kuma masu gadin naka ma dogaran Hajiya ne ke riƙe da linzaminsu. Shi kuwa P ko kunya bai ji ba, a 2015 aka ba da rahoton ya haura gidan maƙwabci, wani nau'in ƙuda mai suna simulans, an same shi a ƙudan Fulorida da na Afirka ta Kudu.

Ka ce ya tuba don ya ɗauki kaya,
Ni na ga sawunsa a katangar baya.

Mai Kiwon Ƙuda:

Baba, Hajiya, Yaya Sarki, na gode. Saura abu ɗaya da ya hana ni barci. An nuna a 2011 cewa 'ya'yan irin auren nan, in ɓarnar ba ta cinye rumbun kaf ba, suna iya farfaɗowa da suka manyanta, domin hoton yana nan a kangon da suka gada ta wajen uba, lokaci kawai suke bukata su kafa nasu dogaran. Na ware kwalba shida a wuri mai ɗan sanyi, waɗannan ba zan taɓa su da allura ba.

Na bar su su tsufa, ina ƙirga kwana,
Kowace safiya in leƙa ƙwai a kwano.

Hajiya, in sun haihu, baitin naki ne,
In sun ƙi, Yaya Sarki ya zo da zano.

Sarkin Gardama:

"Zano" kuma? Ƙanwata, amsa-amo ya ƙare miki ne?

Mai Kiwon Ƙuda:

Ya ƙare, Yaya, tare da abincinsu. Bari in je in dama musu garin masara da yis kafin a rufe ɗakin gwaji.